Majigin Dido

A bayan garinmu, can cikin Saskatchewan,
inda gonar alkama ke tafiya har ta gaji,
akwai wani farin allo tsaye a fili,
tsawonsa ya kai bene hawa huɗu.
Nan kakana Orest, Dido muke ce masa,
ya shekara talatin da ɗaya yana haska wa motoci majigi.

Da rani, rana ba ta son faɗuwa a ƙasarmu,
sai wajen ƙarfe goma take haƙura.
Motoci su jeru kamar shanu a mashaya,
kowace ta ɗaga hanci a kan ɗan tudunta,
yara a bayan akori-kura cikin bargo,
sauro na bi yana karɓar nasa kuɗin shiga.

Ni ina ɗakin siminti tare da shi,
ɗaki mai warin man inji da ƙonannen gugguru.
Shekarata tara, bakina ba ya rufuwa.

Na ce, Dido, waccan motar gaba take gudu,
me ya sa tayarta ke juyawa baya?

Ya ce, Larysa, ba abin da ke gudu a allon nan.
Hotuna ne tsayayyu, ashirin da huɗu a daƙiƙa guda.
Kafin a ɗauki na biyu
taya ta kusa cika zagaye, saura ƙiris,
sai idonki ya kama ƙiris ɗin
ya rantse da baya ta koma.
Ido ɗan gajen haƙuri ne, yanke yake bi.

Ya nuna mini wani faifai mai fukafukai
yana shawagi a gaban fitila.
Wannan, in ji shi, shi ke tare haske
duk sa'ad da hoto zai ba wa ɗan'uwansa wuri.
Kusan rabin zaman da mutanen nan suke yi
duhu suke kallo.
Sun biya kuɗinsa, ba wanda ya taɓa kawo ƙara.

Sautin fim ta rediyon mota yake shiga,
don haka in an tashi, ba a rasa batirin da ya suma.
Dido ya ɗauko wayoyinsa a kafaɗa,
ni in riƙe tocila.
Ja ga ja, yake cewa,
baƙi kuwa ga ƙarfen inji, nesa da batir,
kada tartsatsi ya gamu da abin da ba ya so.

Motar Misis Halyna Tkachuk, shuɗiya mai tsatsa a ƙugu,
kowace Asabar sai ta ƙi tashi.
Kowace Asabar.
Kowa ya watse, ya rage mu uku da kukan gyare,
Dido ya buɗe bonet, ya daɗe yana dubawa,
ita tana zuba masa shayi a murfin fulas,
suna maganar ruwan sama da farashin alkama
da mijinta da kakata, da ke kwance layi ɗaya bayan coci.
Sai da na fara tuƙi da kaina
na gane batirin nan lafiyarsa ƙalau.

Yanzu an shuka kanola a filin.
Allon na nan, tattabaru sun yi masa zane.
In na biyo ta hanyar nakan rage gudu.

Abin da ya rage mini na Dido bai taka kara ya karya ba:
babban yatsansa da baƙin mai a farce,
tarinsa, hularsa mai tambarin kamfanin taki,
yadda yake hura shayi sau biyu kafin ya kurɓa.
Ba su kai ashirin da huɗu ba.
Tsakaninsu duhu ne.
Amma in na jera su da sauri
sai in gan shi ya taso daga kujera,
wayoyi a kafaɗa,
ya nufi shuɗiyar mota.