Matakala Tamanin da Bakwai

Shekara arba'in Eleuterio yana dako a tashar jiragen Valparaíso,
buhun alkama a kafaɗarsa tamkar matashin kai.
Yau murfin kwalbar zuma ya gagare shi.
Ya miƙa wa 'yarsa Fresia, ya kau da kai wajen taga.

Abin bai shigo da sallama ba.
Tsoka ce ke janyewa sannu,
yadda teku kan ja da baya
ya bar duwatsu tsirara.
Agogo na yawo a tsintsiyar hannu,
bel ya nemi sabon huji.

Bara maƙwabcinsa Nibaldo ya zame a banɗaki.
Ƙugu ya karye, gado ya riƙe shi,
bai ƙara ganin jirgi ba.

Nas ta ce: ƙwai, wake, kifi,
ka tashi daga kujera sau goma, ban da dafawa.
Ya yi dariya. Sau goma kawai?
A na shida cinyoyi suka hau karkarwa.

Matakala tamanin da bakwai ce tsakaninsa da mai burodi.
Jiya ya sauka sha biyu, ya huta, ya hawo.
Fresia na leƙe ta labule, ba ta ce uffan ba.
Yau ƙafarsa na laluben ta sha uku.