Jinin Jatan Lande

Daren Laraba abin ya fara:
fararen ɗigo a bayan ɓawo,
kamar an yayyafa musu gishiri.
Kafin Juma'a kwamin farko ya yi tsit.
Na kwashe su da matsami, bokiti huɗu,
na binne a gindin ƙirya,
kuɗin raguna biyu da baron albasa.

Mutanen Kwalkwalawa sun yi dariyarsu.
Arzika, wa ya aike ka?
Ga tarwaɗa a Rima tun kakanni,
sai ka ɗauko ƙwaron bakin teku
ka ce ya sha ranar Sakkwato?

Luba ce kaɗai ba ta dara ba,
'yar ƙanwata, mai farar riga a jami'a.
Ta zo da kula da ƙanƙara,
ta soka siririyar allura ƙarƙashin ɓawo,
ta ɗaga wa hasken yamma.
Jinin ba ja ba ne.
Tsarwa-tsarwa, kamar ruwan farko na baba.

Ta ce, Kawu, wannan ba ya jin riga-kafi irin namu,
jikinsa ba ya riƙe fuskar maƙiyi sosai.
Amma ba a bar shi hannu sake ba.
A jinin nan akwai 'yan igiyoyi,
gajeru, ba su kai carbinka ba,
su ke tare ƙwayar cutar
su yage mata riga tun a ƙofa.
In mun gane su, mu yawaita su,
mu cuɗa a abinci.

Wata biyar.
Sau biyu wuta ta ɗauke, firinji ya narke,
ta zauna a dakalina ba magana,
tana ɓare gyaɗa ba ta ci.

Yau kwami biyu a gabana,
ashirin nan, ashirin can.
Na hagu an ba su garin Luba,
na dama abincin kasuwa.
Na idar da asuba na haska tocila.
Dama: uku ke motsi.
Hagu na ƙirga, na sake ƙirgawa,
goma sha uku, gashin baki na lilo.

Na buga mata waya ina rawar murya.
Ta ce, kada ka gaya wa kowa tukuna,
sau ɗaya ba hujja ba ne,
sai mun maimaita.

To. Na yi shiru da bakina.
Amma na tsuguna bakin ruwa har rana ta fito,
ina kallon wani ƙarami
yana wanke fuska da hannuwa,
bai san an yi yaƙi a jikinsa ba.