Shekarar Haske

An ɗauke wuta a Maiwurno tun la'asar sakaliya.
Na kife kofunan shayi, na yayyafa wa garwashi ruwa,
Rumasa'u ta jawo gadon igiya tsakar gida,
ta miƙo mini takarda:
"Iya, yi mini tambaya, jibi jarrabawa."

Ni da boko sai kallo daga nesa.
Ta san haka, sai ta rubuta mini da ajami,
Turanci a cikin rigar aro,
wasulla na zaune a kansa kamar hular wani.

Na kara fitilar waya, na ce, "Komet."
Ta ce, "Tauraruwa mai wutsiya."
Na ce, "Ganinki ba alheri ba."
Ta ce, "Ƙanƙara ce da ƙura, Iya, ba ruwanta da kowa."
To, Allah ya ba ta haƙuri,
mun daɗe muna ɗora mata laifin fari.

"Obit."
"Hanyar da abu ke bi yana kewaya wani."
Wannan ai ni ce malamarsa:
shekara talatin ina kewaya murhu ɗaya,
ban faɗa ciki ba, ban kuma tsere ba.

"Binas."
Ta nuna yamma, saman bishiyar darbejiya.
Na ce, "Wannan Zara ce, matar wata."
Ta ce ba ta da miji, ba ma tauraruwa ba ce,
duniya ce mai zaman kanta,
zafinta ya sa Fot Sudan ta zama randa.
Na yi shiru. Ina son auren nan nasu.

Akwai wata kalma da ta ƙi harshena,
na hau ta sau uku tana kayar da ni.
Yarinya ta yi dariya har da riƙe ciki,
ta ce a aji ustazu na kiranta Surayya.
Na bi yatsanta, sai ga Kaza da 'ya'yanta,
waɗanda kakanta Jazuli ke dubawa
kafin ya kwance kwale-kwale a bakin Nilu.
Suna uku ga tsuntsuwa ɗaya,
ba ta amsa ko guda ba.

Sai muka iso ta ƙasan takarda.
Ta ce, "Wannan shekarar haske ce.
Ba lokaci ba ne, nisa ne.
Abin da kike gani can sama
ya baro gida tun ba a haifi kowa namu ba,
yanzu yake sauka a idonki.
Wataƙila gidan da ya baro ya canja."

Na ajiye takarda a cinya.

Kakan ubana ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa,
da gafaka, da niyyar Makka,
kogin nan ya ce masa zauna ka huta,
hutun ya haifi unguwa.
Bara wani ɗan kasuwa daga Kano ya sha shayina,
ya tsaya da kofi a leɓe, ya ce,
"Baba, irin Hausar nan taki,
rabona da ita tun bakin kakata."
Na ji haushi ranar.
Yau na gane abin da ya gani.

Ban gaya wa Rumasa'u ba.
Ita Larabci take mafarki da shi,
Turanci take farauta,
Hausa kuwa ta cin tuwo ce da neman kuɗin riksha.

Can sai unguwa ta ɗauki ihu: an kawo!
Firij ya yi tari, kwan lantarki ya buɗe ido,
Kaza ta kwashe 'ya'yanta ta shige duhu.
Yarinya ta ruga neman caja.

Saura kalma ɗaya ban tambaye ta ba.
Na karanta ta a hankali, ni kaɗai,
ban san fassararta ba,
na dai ɗaga kai ko za ta amsa.