Tsakanin Duka Biyu

Ran Talata lauya ya zo da takarda,
ya shimfiɗa ta a gwiwa kamar mai tallan yadi.
Ya ce, Tanimu, ciniki ne:
ka amsa kai ka kashe, su amsa ba ka yi niyya ba.
Shekara sha biyu, a cire huɗun da ka ci a nan.
In ka ƙi, igiya tana nan rataye, ba ta ruɓewa.

Na ce ya ba ni kwana uku.

Daren farko lissafin manomi na yi.
Damina takwas, rani takwas,
dabinon da na dasa a bayan gida zai fara 'ya'ya ban gani ba.
Amma shekara huɗu ke nan a gidan yarin Haɗejiya
ana ɗaga zama, ana sake ɗagawa,
yau alƙali ya yi tafiya, gobe mota ba mai.
Wanda aka yanke wa hukunci yana da abin ƙirgawa a bango.
Ni gawayina a aljihu yake, ba shi da aikin yi.
Ranar da ba ta da lamba ta fi dutsen niƙa nauyi.

Dare na biyu Ladiyo ce ta hana ni barci.
Tana da shekara tara ta kawo mini kunu fadamar Auyo,
ta tsaya kan kunya, jug a hannu, ta gani.
Sunanta ne na uku a jerin shaidu.
Za su sa ta a akwati, su ce ta nuna da yatsa,
yatsan da na cire wa ƙaya da haƙorina.
Bayanta kuma Iya Hansai, uwar Ubale,
wadda ta goya ni shekarar da tawa uwar ta rasu.
Za ta hau a-kori-kura da ciwon ƙafa
don ta dubi ɗan goyonta ta ce, shi ne.

Waɗannan su na faɗa wa lauya. Ya gyaɗa kai,
ya ce ni uba ne nagari.

Dare na uku ban faɗa wa kowa ba.

Ubale ya toshe mini hanyar ruwa,
albasata kwana uku da ƙishi, kunnuwanta sun kwanta.
Dukan farko shebur ne ya tashi da kansa, na rantse.
Ya faɗi bisa gwiwa,
hularsa ta faɗa kwalbati, ruwa ya tafi da ita.
Ya ce, haba, Tanimu.
Injin ban ruwa yana ta tari abinsa.
Akwai numfashi ɗaya a nan, ɗaya tak,
wanda ya isa mutum ya yi a'uziyya,
ya isa ya jefar da abin da ke hannunsa.
A cikinsa na tuna buhun takin da bai biya ni ba,
na tuna dariyar da ya yi mini a kasuwar Laraba.
Sannan na sake ɗagawa.

Na sa an karanta mini takardar sau biyu.
Babu layin da aka bar wa wannan numfashi.
In aka yi shari'a, wani mai wayo zai tambaya,
kuma na san bakina, ba ya iya riƙe ruwa.

Ran Juma'a da hantsi na miƙa babban yatsa.
Alƙali ya ce, an tilasta maka? Na ce a'a.
Ka fahimci abin da ka amsa? Na ce na fahimta.
Ƙanin Ubale yana benci na baya, bai ɗago kai ba.

Da la'asar na zauna alwala.
Na cuɗa yatsan da ƙasa, na cuɗa da toka,
tawadar ta shige cikin zanen fata ta zauna.
Na ɗauko gawayi na ja layin farko a bango,
hannuna ya so ya ja na biyu.