Fatsa a Epe

Nomau, ajiye tarun nan tukuna.
Nan ba Yawuri ba ce,
ruwan da zartsi, ya cika da safe, ya janye da yamma.

Ƙugiya ƙarama za ka ɗaura,
dalma guda, kamar ƙwayar gurjiya.
Tana ba ta jure gishiri.
Sayo jatan lande wurin Iya Risikatu,
ka ɓoye bakin ƙugiya cikin wutsiya.

In zare ya yi rawa-rawa,
ƙaguwa ce, ɓarauniya. Ƙyale ta.
Tarwaɗa ba ta sallama,
ja ɗaya take, ƙasa.

Farkon zuwana
kwana tara ina ciyar da ƙaguwa,
masu kwale-kwale na dariya.
Ga tabon zare a yatsana.
Zauna.