Lugude a Kan Fiyano

Malam Habila ya rasu da damina,
ya bar mini littafi mai bango ruwan toka.
Gara ta ci gefe, ta bar tsakiya.
Fuga ne a ciki, sun fi ashirin,
an rubuta su da gashin tsuntsu
shekara ɗari uku baya, a ƙasar ƙanƙara.

Ni ɗinki na gada, a Unguwar Alkali.
Allura ta cinye mini kan yatsa
tun kafin gemu ya fito.
Fiyanon kuwa yana Wusasa, a zauren makaranta,
Talata da Asabar mai gadi ke ba ni makulli
in na kawo masa goro.

Shekaruna hamsin da takwas. Na yi lissafi:
in kowace za ta ci mini wata tara,
ba zan ga bangon baya ba.
Uku zan ɗauka, sauran su yafe mini.

Mai murya biyu na fara taɓawa,
gajeriya, na ce ga ta yara.
Ashe ɗan hakin da ka raina ne.
Dama ta faɗi magana, hagu ta mayar mata,
ba wadda ke jiran wata ta numfasa,
kamar ni da ƙanena Sidi a kan gonar Dakace.
Na rufe shafin. Gardamar gida ta ishe ni.

Sai wata mai murya uku.
Ta farko ta shigo ita kaɗai, tana taku,
ta biyu ta bi sawunta daga sama,
ta uku ta taso daga ƙasa, da nauyi,
sai ga ni a tsakar gidanmu, ina ɗan shekara shida,
Inna da ƙannenta biyu suna lugude:
turmi ɗaya, taɓarya uku,
ba wadda ta taɓa ta 'yar'uwarta.
Na naɗe kunnen takardar. Ɗaya kenan.

Ta biyu ban zaɓe ta da kunne ba, da ido ne.
A tsakiyarta an kifar da jigon,
abin da ya hau ya koma gangara.
Na san wannan.
Haka nake juya babbar riga in duba bayan aska takwas,
nan ake gane wanda ya iya
da wanda ya ɓoye ƙulli.

Ta uku ta hana ni barci mako biyu.
Akwai mai rawa, akwai mai kuka,
akwai wadda ke gudu kamar Kubanni a watan Agusta.
Na buɗa, na rufe, na buɗa,
har na kai shafin da ya fi duka datti,
da tabon shayi, da shatin babban yatsa.
Murya biyar. Yatsu goma.
A sama, da fensir, hannun Malam:
Ba yanzu ba.
A ƙasa kuma, da wani fensir, hannun na rawa:
Ba yanzu ba.

Fiyanon yana da giɓi,
baƙin haƙori ɗaya can wajen hagu ya mutu,
fugar nan kuwa sau bakwai take neman sa.
In na zo wurin sai in rufe baki
in yi sautin da hanci.

Jiya jirgin 'yan koyo na Palladan ya wuce,
ya dawo, ya wuce, shi ma bai iya sauka ba.
Mai gadi ya leƙo ta taga da fitila:
Malam Tanimu, ku nawa ne a ciki?
Na ce, biyar ake so.
Mu biyu ne tukuna, da rabi,
kuma ɗaya yana tuntuɓe.
Ya ce to, in sun cika a kira shi.