Maki Bakwai da Rabi

Duk Alhamis, shida saura kwata,
tsoho Orrin Halvorsen kan turo ƙofar mashayarmu da kafaɗa,
ya kakkaɓe dusar ƙanƙara daga takalmansa,
ya nemi kujerar kusurwa, inda taga ke kallon tafki
da jiragen ruwan da ya shekara talatin yana loda wa tama
a nan Duluth, kafin gwiwa ta ce masa ya isa.

Ba ya duba takardar abinci. Me zai duba?
Boga guda, da cuku,
da siraran naman alade biyu a gicciye,
sai baƙar giya rabin kofi.

Ni ina leƙensa ta ƙaramar tagar kicin.
Wata huɗu ke nan da na gaji kaskon mahaifina,
baƙin ƙarfe mai faɗin ƙofa,
da tsohuwar matankaɗarsa mai lanƙwasasshen baki,
da wannan alƙali da babu wanda ya naɗa.

Da farko yakan danna burodin da ɗan yatsa,
ya jira ya ga ko zai taso.
Sai ya ɗaga saman a hankali
kamar likita mai duba miki.
Cukun, in ji shi, ya narke ya sauke kafaɗu,
amma kada ya gudu ya bar gida.
Naman aladen ya karye da ƙara, ƙaras,
kada ya farfashe kamar busasshen ganye,
kada kuma ya ja kamar igiyar takalmi.
Romon ya gangaro har wuyan hannu.
In ya kai gwiwar hannu, an yi ɓarna.

Cizo uku, sannan shiru.
Shirun nan ya fi ihun ranar wasan hoki nauyi.
Sai ya zaro guntun fensir daga bayan kunne
da littafin da maiƙo ya mayar kamar fata.

Babana, Stosh, sau ɗaya tak ya taɓa samun tara,
daren da wuta ta ɗauke, ya soya da hasken tocila.
Goma kuwa, har ya koma ga Mahaliccinsa bai gan ta ba.
Ni na fara da biyar. Na hau shida, na zame, na sake hawa.

Ran nan ya rubuta bakwai da rabi.
Na fito da gyalen aiki a wuya, hannu duk albasa,
na ce, "To, ina sauran?"

Ya goge gashin baki, bai ko ɗago ba.
"Renata, kina yawan leƙa shi.
Nama ba ya son mai sa ido.
Ubanki kan manta da shi a kan wuta
yana can yana musu da Gunnar kan wa ya ci ƙwallo.
Ba dutse na ce ki dafa ba,
haƙurin minti ɗaya nake nema."

Na kwana da maganar kamar tsakuwa a takalmi.

Alhamis ta zagayo.
Na ɗora naman, na juya masa baya da gangan,
na tsokani Gunnar, na ce mai tsaron gidansu makaho ne.
Musu ya yi musu, har da buga tebur,
sai hanci ya gaya mini na wuce gona da iri.
Gefe guda ya yi baƙi. Babu lokacin sake wani.
Na rufa masa asiri da cuku, na aika.

Ya danna. Ya ɗaga. Ya ga baƙin.
Cizo uku.
Sai na huɗu, abin da bai taɓa yi ba kafin rubutu.

Da ya tafi na je kwashe faranti.
Dala biyu a ƙarƙashin kofi, kamar kullum, ba ƙari,
a kan takardar goge baki kuma, da fensir:
"Takwas. Albasar ta yi kauri."